Rigar Juma'ar Baba Ilu

Ranar da aka kwance kwalin littattafan nan a gaban Baba Ilu ba ta taɓa fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita har in koma ga Mahaliccina. Ku da kuke zaune kuna danna waya kuna ƙyalƙyala dariya, wai wannan zanen ya yi kama da direbanmu, wancan ya yi kama da akawu, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ni ma na yi irin wannan dariyar, kuma na ga inda ta kai wani bawan Allah.

A shekarar 1998 ne, jihar nan ba ta fi shekara biyu da samuwa ba. Ina aiki a wani ofishin wayar da kan manoma a Gusau, ni ne mai zane, mataki na shida. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, ɗan mataki na shida shi ne wanda ake ba fayil ya kai, amma ba a tambayarsa ra'ayinsa kan abin da ke ciki. Sama da ni akwai shugaban sashe, sama da shi akwai Darakta. A lokacin shugaban sashenmu ya tafi kwas, don haka duk abin da na zana kai tsaye yake hawa teburin Darakta.

Bayan kaka sai wata ƙungiyar agaji daga Amurka ta kawo mana aiki. Ana son ɗan littafi na labari cikin zane, shafi goma sha biyu, kan yadda ake adana hatsi a rumbu. Mutum biyu ne a labarin: Malam Tanadi, wanda ke gyara rumbunsa ya ci hatsinsa har wata kaka, da Malam Sakaci, wanda ƙwari ke cinye masa komai. Maganganunsu da Hausa ne, amma a ƙasan kowane zane akwai fassarar Turanci, don Baturiyar da ke kula da aikin ta ce za su sa littafin a shafinsu na intanet mutanen ƙasarsu su gani. Mu a lokacin ko kalmar intanet ɗin ba mu iya faɗa daidai ba.

Bari in gaya muku yadda muke aiki a wancan zamanin, don ku ba ku tarar da shi ba. Ba kwamfuta muke zane da ita ba. Gona da rumbu da gida, a kan kwali mai kauri nake zana su. Mutane kuma a wata takarda daban, sannan in bi gefensu da reza in yanke, in shafa gam in manna su inda ya dace. Suna da magana su ma haka, Talatu mai buga rubutu ta bugo, in yanka in manna. Gam ɗin irin wanda ake iya ɗagawa ne a sake mannawa in an yi kuskure. Ku riƙe wannan, don ta nan aka cuce mu.

Ni dai ban iya zana mutumin kirki daga ka ba, sai na ga mutum. Na tambayi malamin gonarmu na Bungudu ko akwai manomin da ya fi kowa iya rumbu. Bai ko yi tunani ba ya ce Baba Ilu, a wani ƙauye bayan Nahuce. Na hau babur na tafi. Wallahi abin da na gani ya fi abin da ke cikin takardun Baturiya. Rumbunansa uku a kan duwatsu suke, ƙasansu a share tas. Kafin ya zuba sabon hatsi sai ya yi wa rumbu hayaƙi, ya yaɓe kowace tsaga, ya shimfiɗa toka da ganyen dogonyaro. Ya buɗe mini geron bara waccan, na tauna, kamar jiya aka sussuka shi. Daga ƙauyukan da ke kewaye wurinsa ake zuwa neman iri idan damina ta gabato, kuma duk wanda zai gina sabon rumbu sai ya aiko Baba Ilu ya zo ya duba masa gindi. Ba shi da mota, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi ke nan, sunansa.

Da na gaya masa zan zana shi a matsayin Malam Tanadi, sai ya ce in dakata. Ya shiga gida, ya daɗe, ya fito sanye da farar rigarsa ta Juma'a mai aiki a wuya, da hula sabuwa, har da turare. Ni kuma, ɗan boko mai ganin ya san komai, na ce, “Haba Baba, ai manomi nake son zanawa, ba ango ba. Don Allah a sa kayan gona.”

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, hoton da kac ce har Turai za a kai shi, in shiga da tsumma?”

Na ce, “Baba, gaskiyar aikin ake so mutane su gani.”

Ya ce, “To, kai kas san aikinka.” Ya koma ya sako taguwarsa ta gona mai faci a kafaɗa, da malafa wadda gefenta ya zaizaye. Kwana uku ina zuwa ina zana shi, yana tsaye, yana durƙushe, yana ɗaga dami. Na zana giɓin haƙorinsa, da tsagar fuskarsa, da yadda yake karkata kai in zai yi magana. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bungudu, da gani ɗaya zai ce Baba Ilu ne.

Shi kuwa Malam Sakaci daga kaina na ƙago shi, da gangan, don kada in ɓata wa kowa suna. Na yi shi ƙaton mutum mai tumbi, da babbar riga, da agogo da tabarau, irin wanda sai dai ya tsaya bakin gona ya nuna da yatsa. Ranar da na jera kwalayen a ofis su bushe, masinjanmu ya leƙo, ya tsaya, sai ya kama ciki ya ce, “La ilaha! Wannan ai Oga ne!” Kafin azahar duk ofis an zo kallo. Wani ya ce tumbin ne, wani ya ce yadda ya riƙe tabarau ne. Na rantse muku da Allah ba Darakta na zana ba. Tumbi ai ba shi kaɗai Allah ya ba ba. Amma na yi dariya tare da su, ban musa da ƙarfi ba, kuma a ofis babu maganar da ba ta hawa bene.

A daidai lokacin Darakta bai da lokacinmu, don yana tsakiyar yaƙi da Baturiya. Shi tsohon malamin Turanci ne kafin ya shigo wannan aikin, kuma bai taɓa barin wani ya manta da hakan ba. Ashe Turawan Ingila da na Amurka ba iri ɗaya suke rubuta wasu kalmomi ba. Kalmar launi, alal misali, na Ingila suna sa mata wani harafi guda da na Amurka ba sa sawa. Baturiya ta aiko da nata irin na Amurka, Darakta ya bi da jan biro ya mayar da su na Ingila. Talatu ta buga, sai kwamfutar da ƙungiyar ta ba mu, wadda ita ma 'yar Amurka ce, ta ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar da ya gyara. Talatu ta mayar, Darakta ya sake gyarawa yana faɗa, wai mu Turancin Sarauniya aka koya mana, ba na 'yan fim ba. Sati uku fayil ɗin nan yana hawa yana sauka. Sau biyar Talatu ta sake buga rubutun, har ta ce da ni, “Malam Bello, in na mutu a kan kujerar nan, ka shaida harafi ɗaya ne ya kashe ni.” Duk wannan kan Turancin da babu manomi ɗaya a Bungudu ko Tsafe da zai karanta. Hausar da za a karanta kuwa, ko kallonta ba wanda ya yi.

Da yaƙin ya lafa, Darakta ya yi nasara a ganinsa, sai ya aiko a kira ni da kwalayen. Ya jera su a tebur, ya cire tabarau, ya dube su, ya mayar da tabarau aljihu maimakon fuska. Nan na san maganar masinja ta iso.

Ya ce, “Bello, wane saƙo kake son ba manoma? Cewa duk wanda ya bi shawararmu zai ƙare da riga mai faci? Mai nasara shi ya kamata a gani cikin wadata. Ka musanya su. Mai babbar riga ya zama Tanadi, wannan mai tsumman ya zama Sakaci.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan mutum ne na gaske. Sunansa Baba Ilu, kuma duk abin da ke cikin littafin nan a rumbunsa na koyo shi. Na yi masa alkawari shi ne Tanadi.”

Ya ce, “Wa ya aike ka zana mutum na gaske?”

Na ce, “In tumbin ne matsala, ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in sake zana Sakaci siriri.”

Kai, ban san lokacin da kalmar tumbi ta fito daga bakina ba. Fuskarsa ta canja. Ya ce babu wanda ya yi maganar tumbi, in rubuto ƙorafina a fayil, in bar kwalayen a nan. Na rubuta shafi guda cur na kai. Washegari da safe sai ga takarda, wai in tafi Tsafe in rubuta allunan taron manoma, kwana huɗu. Da na dawo, kwalaye sun tafi maɗaba'a a Kaduna. Na tambayi Darakta yaya aka yi da maganar musanyawa, ya ce, “An gama wannan maganar.” Ni da wautata na ɗauka ya haƙura. Daga baya na ji cewa a ofishinsa ya zaunar da mutumin maɗaba'a, aka ɗaga mutanena ɗaya bayan ɗaya aka sake manna su.

Ni ne na ba da shawarar a fara rabon littafin a ƙauyen Baba Ilu, don a girmama shi. Kwalayen littattafai sun iso Gusau da safiyar ranar, a ɗaure da igiya. Nan take aka loda wasu zuwa Tsafe, wasu Wonaka, namu muka ɗora a bayan motar ofis ni da malamin gona. Da na yanke igiya ɗaya na duba, da ba a yi abin da aka yi ba. Ban duba ba, ina sauri. Wannan laifina ne kuma ban taɓa ɗora wa wani shi ba. Darakta kuwa ya ce yana da taro, ba zai samu zuwa ba.

Mun tarar da gari ya cika a ƙofar mai gari. Baba Ilu ya gayyato surukansa da abokansa daga ƙauyuka uku. Yana zaune a tabarma ta gaba kusa da mai gari, sanye da farar rigar nan ta Juma'a. Malamin gona ya yi jawabi, ya ce yau za a ga ɗan garin nan a cikin littafin gwamnati. Aka kwance kwali. Ni da hannuna na ɗauki na farko, ban ko kalle shi ba, na durƙusa na miƙa wa Baba Ilu, aka shiga raba wa sauran jama'a.

Sai na ga mutane suna duban littafin suna duban Baba Ilu. Na ɗauki ɗaya na duba. Ga Baba Ilu a bangon littafin, da malafarsa da giɓinsa, an rubuta Malam Sakaci a ƙasan ƙafarsa. Zanen da na yi masa yana ɗaga hannu yana gode wa Allah kan albarkar hatsi, an manna shi a gaban rumbun da ƙwari suka cinye, sai ya zama kamar mai kururuwa. Wanda na yi masa a durƙushe yana auna wa maƙwabci iri, an manna shi a ƙofar gidan mai tumbi, ya koma mai roƙon abinci. Wani daga baya ya karanta sunan da ƙarfi, wani ya kasa riƙe dariya, sai ta bazu. Ba mugunta ba ce ta sa su, na sani, mutanenmu haka suke da zane, sai sun nemo wanda ya yi kama da shi. To wannan karon ba sai an nema ba.

Baba Ilu ba ya karatun boko, amma zane ai ba ya bukatar malami. Ya bi shafukan nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana lasar yatsa yana juyawa. Da ya kai ƙarshe ya rufe, ya miƙa wa mai gari da hannu biyu, ya sa takalmansa ya tafi. Ko kallona bai yi ba. Na miƙe ina ta bayani, kuskure ne, an musanya ne, wa ke saurarena? Kowa ya riga ya cusa nasa a aljihu.

Na dawo Gusau. Na shiga ofishin Darakta ba tare da na jira an yi mini iso ba, na ajiye littafin a gabansa na ce, “Ranka ya daɗe, an ci mutuncin dattijo a gaban surukansa.” Kun san abin da ya yi? Ya buɗe littafin, ya bi layukan Turancin da yatsa, ya ce, “Madalla, sun bar shi yadda na gyara.” Sannan ya ɗago ya ce, “Zane ne fa, Bello. Mutanen ƙauye za su yi dariya kwana biyu su manta.” Na rubuta takarda ina roƙon a janye littafin. Ta dawo mini bayan sati biyu da kalma biyu a gefe: a ajiye.

Ba su manta ba. Malamin gona ya gaya mini a kasuwar Bungudu masu awo suna kiran “Malam Sakaci, a zo a ga hatsi!” in ya wuce. Wasu sun yanke shafin roƙon sun manna a rumfar mai shayi. Ya je kasuwa sau biyu, daga nan ya daina zuwa. Wani da ya gina rumbu a wannan shekarar bai aika a kira shi ba, wai kada a yi masa tsiya.

Sai ga wasiƙa daga Baturiya. Ta ga littafin, kuma ba ta ji daɗi ba, don an buga Turancin da irin rubutun Ingila alhali ƙa'idar ƙungiyarsu na Amurka ne. Dole a sake bugawa. Jama'a, takardar da na rubuta kan mutuncin mutum sati biyu ta yi kafin a ce a ajiye ta. Wannan kuwa a ranar da ta iso aka kira taro, aka kawo lemo da biskit, kafin la'asar an amince a sake bugawa.

Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Na ce ni zan kai kwalayen Kaduna, tunda ni zan manna sabon rubutun. A teburin maɗaba'a na zauna da rezata da gam ɗina, na ɗaga Baba Ilu daga kowane shafi na mayar da shi inda Allah ya ajiye shi, na mayar da mai tumbi gaban ƙwarinsa. Ban tashi ba sai da na ga an fara bugawa. Da littafin ya iso aka ba ni takardar tuhuma, wato in bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ba za a hukunta ni ba kan taɓa aikin da aka riga aka amince da shi. Na amsa da layi uku. Aka sa mini gargaɗi a fayil, ƙarin girmana ya makara. Ban taɓa nadamar wannan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wanda aka sa a intanet ɗin hotunan bugun farko ne, mutanen ƙungiyar suka gyara Turancin da kansu a can.

Na ɗauki sabon littafi guda ashirin na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da Baba Ilu a bayan gida yana yaɓe tsagar rumbu, shi kaɗai. Na yi sallama, ya amsa, ya sa aka kawo mini ruwa, don shi ba mutumin da zai hana baƙo ruwa ba ne. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na gaya masa duk yadda aka yi, har maganar tumbin. Na buɗe masa sabon, na nuna masa sunan Tanadi a ƙasan ƙafarsa. Ya goge hannunsa a taguwa, ya karɓa, ya duba bangon ya daɗe.

Ya ce, “Wanga ya yi kyau. Amma na farin shi mutane sunka gani.”

Na ce zan bi gida gida in karɓo tsofaffin in ba su sababbi.

Ya ce, “Kana iya amso takarda, ɗana. Dariyar da anka yi fa?”

Ya mayar mini da littafin, ya ɗebo laka a hannu kamar zai ci gaba da aikinsa, sai ya tsaya. Ba faɗa ya yi ba, wallahi da faɗa ya yi da na fi jin sauƙi. A hankali ya ce:

“Ni na san mutanenku na birni, riga suka dubi, ba mutum ba. Shi ya sa nis sa ta Juma'a. Kai kac ce in tuɓe.”

Na bi gida gida ɗin kamar yadda na ce, na karɓo abin da na samu. Baba Ilu ya koma cin kasuwa bayan wani lokaci, amma bai sake yarda wani daga ofishinmu ya leƙa rumbunsa ba har Allah ya karɓi ransa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To ku da za ku gaje mu, ga abin da na koya. A aikin nan za ku haɗu da manya da za su yi sati uku kan harafi ɗaya, amma ba za su ba fuskar talaka minti uku ba. Ba za ku iya canja su ba, sai dai ku yanke igiya ku duba kwali kafin ku miƙa wa kowa. Fuskar mutum in ya ba ka ka zana, amana ce, kuma kai za a tambaya, ba Darakta ba. Kuma in dattijon ƙauye ya gaya muku wani abu game da yadda duniya za ta dube shi, ku yi shiru ku ji, ya fi ku sani.

Na yi shekara goma sha tara ina zane bayan wannan. Duk wanda ya zo gabana, da rigar da ya zaɓa ya sako nake zana shi.